Ya ci da hannu ya rantse da kai ne, yanzu yana neman bashi

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata magana da nake so ku taya ni dubawa, don Allah kada a yi mini dariya. Duk Lahadi bayan asuba mukan haɗu a filin wata firamare da ke unguwarmu mu buga ƙwallo, mu kusan ashirin, yawancinmu magidanta, wasu har da tumbi. Ba lafiri, ba raga, duwatsu bibbiyu muke ajiyewa. Lahadin da ta wuce ana ɗaya da ɗaya aka bugo kwana, sai wani abokin wasanmu ya yi tsalle kamar zai sa kai, ya tura ta da hannu ta shige. Ni ke tsaronsa, ko taku ɗaya babu tsakaninmu, da idona na gani. Muka ce hannu ne, ya ce kai ne. Muka matsa, sai ya ce wallahi tallahi da kai ya ci. Da ya ambaci Allah kowa ya yi shiru, aka bar musu cin. To jiya sai ga shi a shagona a Kwari, wai in ba shi turmi ashirin na atamfa ya kai garinsu ya sayar kafin sallah, bayan sati uku ya kawo kuɗi. Shekara huɗu muna wasa tare, bai taɓa cin mini ko sisi ba, amma dama kuɗi bai taɓa haɗa mu ba. Na ce ya dawo jibi. Tun jiya rantsuwar nan take dawo mini a kunne. In ba shi ko in hana?

Lamba Tara: Hhhhh Alhaji kai ma dai. Haushin cin ne bai sake ka ba har yanzu. Ƙwallo daban, kasuwa daban. In da za a hana bashi ga duk wanda ya taɓa ƙaryar fili, da babu ɗan ƙwallo ɗaya a Kano da zai samu ko kwanon gari a kanti. Ni da kaina na sha faɗuwa ba wanda ya taɓa ni don a ba ni fenariti, kuma ka tambaya a layinmu, ba mai bi na ko naira.

Bazazzagi: Bakano da ƙwallo da bashi a magana ɗaya? Ai an gama. Ku da kuke rantsuwa a kan farashin yadi tun safe har la'asar, yau rantsuwar fili ce ta dame ku?

Baban Walid: Bazazzagi bawana, a yi zaune manya na magana. Da gaske nake wallahi.

Golan Dauri: Ni na fahimci abin da ke damun Baban Walid, kuma ba cin ba ne. Na yi shekara sama da goma sha biyar ina tsaron gida a ƙwallon layi, inda raga silifa biyu ce. Kun san babu ƙarfen sama, saboda haka duk ƙwallon da ta tashi sai an yi musu: ta yi sama ko ta shiga? Ƙa'idarmu ita ce in gola ya miƙa hannu bai kai ba, ta yi sama. To wa ya san ko na miƙa da gaske ko noƙewa na yi? Ni kaɗai. A nan na koyi sanin mutane. Akwai gola a unguwarmu da in ya ce ta shiga, ko 'yan gidansu ba sa musu, in ya ce ta yi sama, abokan hamayya ma juyawa suke su koma tsakiya. Akwai kuma wanda ko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa sai ya ce sama ta yi. Yau dukkansu sun manyanta, kuma in na gaya muku wanne ne jama'ar masallaci suka damƙa wa kuɗin gyaran rufi ba za ku yi mamaki ba.

Lamba Tara: Yaya, wannan labarin mutum biyu ne. Ni ma ina da nawa. Akwai wanda muke wasa da shi, ko ƙwallo ta goge shi a yatsa zai ɗaga hannu ya ce tasu ce, har muna kiransa Liman. Shi ne ya karɓi kuɗin rigunan ƙungiya ya ce zai sayo a Legas. Yau shekara uku, ba riga ba dalili.

Golan Dauri: To wannan ya nuna gaskiyar fili ba ta isa shaida ba. Bai nuna ƙaryar fili ba komai ba ce.

Maman Hanifa: Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ban taɓa buga ƙwallo ba. Mu namu wasan carafke ne da 'yar gala-gala. A carafke in kika wurga dutse sama kina kwasar na ƙasa, kika taɓa wanda bai kamata ba, kin faɗi, sai ki miƙa. Sau da yawa motsin ɗan kaɗan ne, mai yi ce kawai take ji a yatsanta. Tun muna 'yan shekara tara mun san wadda za ta ce "na taɓa" da wadda za ta yi fuska ta ci gaba. Yanzu ni ce uwar adashi a layinmu, mata ashirin da biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai wadda muka taso tare da na sa ta kwasar ƙarshe saboda abin da na sani tun wancan lokacin. Ban hana ta shiga ba. Ban dai ba ta ɗaukar farko ba.

Bazazzagi: Kai Hajiya! Laifin carafke na shekara talatin ake hukunta baiwar Allah da shi? Ashe ku mata kundinku ya fi na kotu.

Maman Hanifa: Malam, ba hukunci ba ne, tsari ne. Kuma ta cika zubinta lafiya lau, zagaye na biyu na matso da ita tsakiya.

Koci: Bari in raba muku abu biyu da ake cakuɗawa. Ni ina horar da yara 'yan ƙasa da sha biyar. Wasan da ke da alƙali daban, wasan da babu daban. In akwai lafiri, an ɗauke wa ɗan wasa nauyin hukunci an ɗora wa wani, shi ya sa har manyan 'yan wasa suke ganin in alƙali bai gani ba, ba ruwansu. Maradona ya ci Ingila da hannu a Mexico a 1986, alƙalin ɗan Tunisiya ne, bai gani ba, aka tashi biyu da ɗaya, kuma har gobe a Ajantina gwarzo ne. Amma ƙwallon Lahadi irin ta su Baban Walid ba ta da wanda aka ɗora wa wannan nauyin. Kowa alƙalin kansa ne. Wasan gaba ɗaya a kan yarda yake tsaye: in na ce ta fita ka yarda, in ka ce na taɗe ka in yarda. Ranar da aka daina yarda, wasan ya mutu, sai musu. Na ga filaye da yawa da suka watse ba don an rasa ƙwallo ba, sai don kowane minti biyar ana tsayawa rantse-rantse har rana ta yi zafi kowa ya kama gabansa. Saboda haka mai cin hannu a wasan da ba lafiri ba alƙali ya yaudara ba, abokansa ya yaudara, mutanen da za su sha koko tare da shi bayan an tashi.

Lamba Tara: Koci, to Suarez fa? Ya tare da hannu a gasar cin kofin duniya ta 2010 ya hana Ghana zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Ƙasarsa ta ɗauke shi a kafaɗa.

Ɗan Zongo: Don Allah kada a tayar mini da wannan mikin. Ina Kumasi a daren nan, unguwa ta yi tsit kamar an yi mutuwa.

Koci: Suarez bai yi musu ba ai. Ya tare, an ba shi jan kati, ya fita, an ba Ghana fenariti, Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfen sama. Ya yi laifi ya biya farashinsa a gaban kowa. Ka ce mugunta ce, na yarda, amma ba ƙarya ba ce. Mutumin Baban Walid ya yi laifin, ya ƙi biya, ya kuma jawo sunan Allah ya rufe.

Ɗan Zongo: Ya biya me? Mu muka biya.

Admin: Jama'a a dawo kan atamfa. Maganar Suarez ta taɓa cinye mana kwana biyu a gidan nan.

Malam Na Ƙofa: Wa alaikumus salam. Na karanta duka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne rantsuwar, kuma a nan ina so mu yi adalci ta fuska biyu. Ta farko, wasa ba ya halatta ƙarya. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lamunce gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. Wanda kuma ya rantse da Allah a kan abin da ya san ƙarya ne, wannan ita ce malamai suke kira yaminul gamus, mai dulmiyar da mai ita, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta da kaffara, sai tuba. Ba a ce sai a kotu ko a kasuwa ba. Ta biyu kuma, Baban Walid, kai ka ga hannu, amma ba ka shiga zuciyarsa ba. Mutum yana sama, ido a rufe, ƙwallo ta zo da ƙarfi ta goga kai ta sauka a hannu, yana iya rantsewa da kai ne kuma har ransa haka ya ɗauka. Wanda ya rantse a kan abin da yake zaton haka ne, daga baya ta bayyana ba haka ba, wannan lagawu ce, ba a kama shi da ita. Kafin ka yanke masa hukuncin maƙaryaci, ka tambaye shi yanzu da jini ya kwanta.

Baban Walid: Allah ya saka da alheri Malam. Amma fa hannun a miƙe yake, kamar mai gaisawa da liman.

Malam Na Ƙofa: To sai ka tambaye shi duk da haka. An ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kun yi ma'amalar kuɗi? Da ya ce a'a, sai ya ce to ba ka san shi ba. Ban ce ƙwallo ta kai tafiya ba, amma tana da kama da ita: gajiya, zafin rai, son rinjaye, duk abin da ke sa mutum ya manta da kwalliyar da yake yi wa mutane.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku bar ni in ba ku na zamaninmu. Mu ba mu san ƙwallon fata ba sai da muka shiga makarantar midil, tamaula muke yi da tsumma. Babban wasanmu langa ce, da daddare in farin wata ya fito. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, kana tsalle da ɗaya, ana ture juna, ana kare ruwa, wato ɗan wasan da ake so ya tsallake, har ya kai gida. Wanda ya saki ƙafa ya mutu, sai ya fita. To a dandali da dare, ƙura ta tashi, yara ashirin na karo, wa zai ga ka saki ƙafa ka sake kamawa? Babu. Amma abin mamaki, kowa ya san masu yi. Ba a kama su ranar, sai dai a hankali a lura cewa wane ba ya taɓa mutuwa. Hukuncinsu kuwa ba duka ba ne, ba zagi ba. In an zo rabon 'yan wasa sai a bar su a ƙarshe, kuma ba a taɓa naɗa su ruwa, komai ƙarfinsu. Yaro ya fi jin wannan fiye da bulala. Ni da nake muku magana an taɓa yi mini, sati biyu ana tsallake ni, sai da na dawo ina faɗin "na mutu" da ƙarfi tun kafin a gani, sannan aka mayar da ni cikin mutane. Ina da shekara saba'in da ɗoriya yanzu, ban manta wanda ya fara tsallake ni ba, Allah ya jiƙansa.

Maman Hanifa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Kun ga dai ba mu kaɗai ke da kundi ba.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan balo muke cewa, kuma rigimar iri ɗaya ce a filin lakwal, wato makaranta. Amma ni wajen dara na fi ganin abin. Tsofaffi a gindin bedi, gurbi talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Aka kira salla ko aka kawo shayi, mutum ya waiwaya, sai wani ya tura ɗa ɗaya da ɗan yatsa. Ana dariya a ce wayo ne, amma ku lura, wanda aka san shi da haka ba a tashi a bar masa dara, sai an ce wa wani "duba mini". Wanda kuwa aka yarda da shi, sai a tafi masallaci a dawo a tarar da ita yadda aka bar ta. Ba wanda ya taɓa zama ya ce wane amintacce ne, wane ba amintacce ba. "Duba mini" ɗin nan ita ce shaidar.

Lamba Tara: Duk na ji. Amma ku gaya mini gaskiya, a cikinku wa zai ci ƙwallo a minti na ƙarshe ya ce a soke? A baki kowa waliyyi ne.

Koci: An yi, kuma a inda kuɗi yake. Klose ya ci wa Lazio da hannu a wasansu da Napoli a 2012, ya gaya wa alƙali da bakinsa, aka soke, aka kuma cinye su uku da nema. Ga wanda ya fi kusa da mu: wasan Kanu na farko a Arsenal, Fabrairun 1999, kofin FA da Sheffield United. Golan Sheffield ya fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo. Aka yi jifa don a mayar musu, Kanu sabon zuwa bai fahimci abin da ake ciki ba, ya ɗauka ya ruga ya ba Overmars ya ci. A doka ci ne, alƙali ya bayar, aka tashi biyu da ɗaya. Wenger, kocin Arsenal na lokacin, ya ce bai yarda da irin wannan nasarar ba, a sake wasan. Aka sake bayan kwana goma, suka sake cin biyu da ɗaya. Ba wata doka da ta tilasta shi.

Bazazzagi: Ka ga Koci ɗan Arsenal ya samu hanyar shigo da su. Tun 2004 ake ba mu tarihi.

Koci: Bar wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne namu na gida. Yaro ya zo mini da gemu yana tsirowa, ubansa da kansa ya riƙo hannunsa ya ce shekararsa sha uku. In na ƙi, a ce na cika tsanani, kowa haka yake yi. Daga nan ake farawa. Ba banza ba FIFA ta dakatar da ƙungiyoyin matasanmu shekara biyu a 1989 kan maganar shekaru, ba banza ba aka kawo na'urar duba ƙashin hannu a gasar 'yan ƙasa da sha bakwai ta 2009 da aka yi a nan Najeriya, har Kano da Kaduna da Bauchi suka karɓi wasanni. Kuma kun tuna 2013 a Bauchi, da aka tashi wasa 79 da nema, ɗayan kuma 67 da nema, ƙungiyoyi biyu na tseren yawan ƙwallaye don su hau mataki na gaba? Na farkon bakwai ne kawai aka ci kafin hutun rabin lokaci. Hukumar ƙwallo ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasan kuma har abada. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, a filin unguwa suka koyi cewa in kowa ya yi shiru, ci ci ne.

Lamba Tara: To ni faɗuwar da nake yi a fili fa, Koci, ka sa ni cikin 'yan 79?

Golan Dauri: Kai ai ka faɗa da bakinka a gaban mutum ɗari biyu ba wanda ya tambaye ka. Da kai ne ka zo neman atamfar, ni zan tsaya maka. Wanda nake tsoro shi ne wanda ko bayan shekara in aka tuna masa zai sake rantsewa.

Maman Hanifa: Baban Walid, ni shawarata irin ta adashi ce. Kada ka hana, kada ka ba da ashirin. Ba shi biyar, ka ga yadda zai dawo.

Bazazzagi: Ko ka ce ya kawo ta da kai, kada ya taɓa da hannu.

Baban Walid: To jama'a, ga yadda aka yi. Ya zo ɗazu bayan azahar. Na sa aka kawo mana lemo, muka taɓa hira, sannan na ce masa, wane, tsakaninka da Allah, ƙwallon ran Lahadi da me ka ci? Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce haba Alhaji, ai kai ma ka san hannu ne, so nake in ga yadda za ka yi. Na ce to rantsuwar fa? Sai dariyar ta tsaya. Ya ɗan yi shiru, ya ce wallahi bai ma san ta fita ba, baki ne ya saba. Na ce ka ga yanzu ma ka sake. Ya kama baki.

Na ba shi turmi takwas, mun rubuta a littafi, yarona ya sa hannu a matsayin shaida, abin da ban taɓa yi wa abokin ƙwallo ba. Bai ji daɗin rubutun ba, na gani a fuskarsa, amma bai ce komai ba. Na kuma ce masa ran Lahadi kafin a take wasa zai tsaya ya gaya wa mutane da bakinsa cewa hannu ne. Ya ce wannan ta fi rubutun wuya, in bar shi ya yi tunani.

Malam Na Ƙofa: Rubutun bashi ba cin fuska ba ne, umarni ne a ƙarshen Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Ka gaya masa haka in ya sake ɓata rai.

Lamba Tara: Ni dai a turo mini sunan firamaren ta akwatin sirri. Ran Lahadi zan zo in ga wannan jawabi da idona, kuma ina neman gurbi a gaba.

Golan Dauri: In za ka zo ka zo da ƙwallo, na ji an ce tasu ta sace.

Baban Walid: Ta sace tun sati biyu, faci uku ne a jikinta. Lamba Tara, ƙarfe shida da rabi muke farawa, kuma ka sani tun yanzu, a filinmu wanda ya faɗi ba a taɓa shi ba shi ke sayen ƙosai.